Tukunyarki Ta Hau Dutsen Baha

Zuwa ga Hajiya Hauwa'u, Ummu Khalid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarsa, Ya yalwata miki makwanci. Mu nan unguwar Nuzla a Jidda lafiya muke, sai zafin da kika sani, sai kuma gwiwata ta hagu da kika bari tana ƙara, har yau ba ta gaji ba.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. A aji huɗu na tsaya da boko, amma wannan kam na sani. Ina rubutawa ne a shafina inda kowa zai gani, don mutanen unguwar nan sun riga sun ba da labarina kala uku, kuma a kowanne ni ne wawan. Gara in ba ki nawa, masu leƙe su leƙa. A nawan ma ni ne wawan, amma dai da bakina na faɗa.

Albishirinki. Hanan ta haihu, namiji, lafiya lau. Yau kwanansa ashirin da ɗaya.

Shekara biyu bayan rasuwarki muka aurar da ita ga Idrisu, ɗan Maraɗin nan mai walda, wanda kike cewa kunyarsa ta yi yawa ko akuya ba ya iya haɗa ido da ita. Kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, ya mayar da shi kudu, wani ƙauye can bayan Baha, a kan dutse, yana yi wa masu gonakin rumman ƙofofi da tankunan ruwa. Mun shirya Hanan za ta sauko Jidda in cikin ya tsufa. Yaron bai ji shawarar ba, ya fito sati uku kafin lokaci. Likita ta ce kada mai jego ta hau doguwar hanya tukuna. Shi ke nan, 'yarki, haihuwar fari, a kan dutse, babu uwa, babu inna, babu macen da za ta ce mata sannu da Hausa.

Na kira ta washegarin haihuwar. Kin san Hausar 'yarki, rabi a baki rabi a ciki. Ta ce, "Abuya, ma fi mushkila, ina wanka da ruwan hita." Wai ba matsala ke nan. Na ce madalla. Can ta ce, "Abuya, kunun nan na Ummi, yaya take yi?" Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na tuna shekara ashirin da bakwai ina shan kununki ban taɓa tambayar me ke ciki ba.

Ina ajiye wayar na shiga ɗakin kaya na sauko da tukunyarki.

Kin tuna ta? Wadda kika sa na ɗauko miki daga kasuwar gwanjo Hanan tana shekara goma sha biyu. Na ce raƙumi za mu dafa? Kika ce, "Ta jegon Hanan ce. 'Yata ba za ta yi wanka a bokiti ba." Na yi miki dariya har gida. Tun da kika tafi tsofaffin takalma da wayoyin wuta muke zubawa a ciki. Na zazzage su, na wanke ta da kaina, ɗanki Usama yana tsaye yana kallona kamar na taɓu.

Tukunya ba ta wanka da kanta, sai na tafi wajen aminiyarki Hajiya Kande. Har yanzu ita ce mai karɓar haihuwar rabin matan Nuzla da Ruwais, har yanzu kuma bakinta bai yi sanyi ba. Ta ji ni har ƙarshe, ta ce, "Kwana bakwai, Sani. Ranar suna in gama, washegari ka dawo da ni. Ina da masu ciki uku a hannu, ga funkasona da ba ya sayar da kansa." Na ce na yarda. Me zan ce? Bakwai cikin arba'in. Na fito daga gidanta ina tunanin sauran talatin da ukun, yadda yarinyar za ta ƙare su ita kaɗai da ruwan hita.

'Ya'yanki maza kuwa suka taso min. Khalid ya ce a aika kayan a motar safara. Na ce Hajiya Kande ma a kwali za a sa ta? Usama ya ce in jira sati biyu ya sami hutu ya kai mu. Na ce jego ba ya jiran hutun kowa. Sai Khalid ya sassauta murya, irin yadda ake yi wa mara lafiya, ya ce, "Abuya, kai direban ƙasa ne. Dutsen can ba gadar sama ba ce."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Shekara ashirin da takwas ina jan a-kori-kura a garin nan, wanet kamar yadda suke cewa, ina kwasar firji da gadaje daga Safa zuwa Nuzla, kuma mafi tsawon abin da na taɓa hawa shi ne gadar sama. Kafin nan ma a ƙasar Gumel aka haife ni, inda suri in ya yi tsawo ake kwatance da shi.

A teburin shayin Ɗanjuma labari ya riga ni zuwa. Tanimu tela ya ce, "Abu Khalid, mun ji za ka jego. A yanka maka zani ne ko kana da shi?" Suka yi ta dariya. Na ce masa ya yanka biyu, don in na dawo zan zo in yi masa wankan shi ma, ko bakinsa ya warke. Na shanye shayina na tashi. Ban ji daɗi ba, Hajiya, amma ban nuna ba.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Tukunya a baya na ɗaure ta da igiya uku, ga murhu da tulun gas, buhun gero, kanwa, citta, kanumfari, tsamiya, man shanu a galan, da ganyen darbejiya da na sara da hannuna a bishiyar bakin masallaci, ladan yana leƙe ta taga. Hajiya Kande a gaba da carbinta da ledar goro.

Hanyar bakin teku shimfiɗe take kamar tabarma. Muka wuce Lis ina ta cika baki. Na ce wa Hajiya Kande da a ce boko na yi da jirgin sama nake ja. Ta ce da an ƙare da alhazai.

A shingen bincike wani askari ya karɓi iƙamata, katin zaman ƙasa, da tata da lasisi. Ya zagaya baya, ya ƙwanƙwasa tukunyar da yatsa, ya ce, "Ya hajj, walima za ka dafa?" Kin san Larabcina, shekara talatin yana ɗingishi. Na haɗa abin da na iya. Na ce 'yata ta haihu, uwarta ta rasu, wanka nake kai mata. Ya dube ni, ya dubi Hajiya Kande, ya miƙo takardun da hannu biyu. Ya yi miki addu'a, Hajiya, mutumin da bai taɓa ganinki ba. Sannan ya ce, "Baffa, a hankali a dutsen. Can ba Jidda ba ce." Na ce a raina, kai ma Khalid ya kira ka?

Muna wuce Makhwa sai ga dutsen a gabanmu. Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Kamar an ɗauki ƙasa an jingina ta da sama. Titin ya manne a jikinsa yana lanƙwasa, ya shige rami cikin dutse ya fito, ya hau gada a kan fanko, ya sake shigewa. Na kashe na'urar sanyi kamar yadda aka gaya min, na sa giya lamba biyu, motar tana nishi ni ma ina nishi. Kunnuwana suka toshe. Hajiya Kande ta daina cin goro. Birai manya-manya zaune a kan katangar titi suna kallon motoci, wani na sosa ciki, wani na hamma, wallahi sak majalisar Ɗanjuma, har da mai kama da Tanimu.

Muka kai sama. Tsakar rana, amma sanyi kamar an buɗe firji, gajimare yana yawo a kan kwalta kamar tumaki. Na tsaya a gefen titi, na fito, na riƙe ƙugu. Na kira Khalid na ce ya gaya wa Tanimu ya ɗaura zanin da kansa, direban ƙasa ya hau.

Da na san abin da ke gaba da na bar wayar a aljihu.

Ƙauyen su Idrisu ba a saman yake ba. Sai ka hau ka gama, sannan ka bi wata siririyar hanya ka gangara ta wani gefen. Ni kuwa a ganina an gama mai wuyar. Hawa ne aiki, gangara ai kyauta ce.

Kin tuna labarin Maigida Ila da ya koya min tuƙi a hanyar Gumel zuwa Haɗeja? Duk 'yar gangaren da muka samu sai ya buge min gwiwa ya ce, "Sake ta firi, mai ba ruwan rijiya ba ne." Shekara arba'in hannuna yana bin umarnin mutumin nan. Ko a gadar sama in zan sauko, firi nake sakinta. Ranar ma ban yi shawara da kaina ba. Hanya ta sunkuya, hannu ya zare giya, ya bar mota da kayanta da tsohuwa a kan birki kaɗai.

Kwanar titi ta farko daɗi. Ta biyu daɗi. Daga ta huɗu na ji motar tana son ta riga ni isa. Na danne birki ban ɗaga ba. Can wani wari ya taso kamar ana babbakar ƙafar saniya. Hajiya Kande ta ce, "Sani, wani abu yana ƙonewa, kuma ba girkina ba ne." Na ce taya ce take gaisawa da kwalta. Kwana ta gaba na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka nunanniyar gwanda.

Hagu dutse. Dama babu komai, sai rufin gidaje can ƙasa kamar kwalin ashana.

Na taka kuloci na tura giya, ta yi ƙara ta ƙi shiga. Na ba ta wuta na sake turawa da hannu biyu, ban san wa ya riƙe sitiyari ba a lokacin, ta faɗa lamba biyu. Motar ta yi tsalle kamar an ja ta da igiya ta baya. Na riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan, na karkata na manna gefenta da dutsen, ƙarfe yana kuka, madubi ya tafi. Allah Ya sa masu gyaran hanya sun bar tarin tsakuwa a wata kwana. A ciki muka nutse.

Tukunyarki ta tsinke igiya ɗaya ta daki bayan kujerunmu, ƙarar kamar an buga gangar ƙarfe a cikin kaina. Murfin ya tashi, ya dira a kan titi, ya gangara a tsaye kamar mai sauri, ya faɗa ramin. Mun daɗe muna jin sa yana sauka.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Lokacin da birkin ya tafi, ba kalmar shahada ce ta fara zuwa min ba, Allah Ya yafe min. Abin da ya zo min shi ne, za a gaya wa Hanan tukunyar uwarta ta zo har bayan gari ba ta ƙaraso ba.

Na fito. Tayoyin gaba suna hayaƙi. Na ɗauko jarkar ruwa zan sheƙa musu, don a iya karatuna abin da ya yi zafi ruwa yake so. Sai na ji an riƙe min hannu. Wani tsoho ne ɗan garin, siriri, ya fito daga gonarsa ta rumman da ya ji ƙarar. Ya ƙwace jarkar ya ce in na zuba ƙarfen zai lanƙwashe, in rasa birkin gaba ɗaya. Kuskure biyu cikin minti goma. Ko a makaranta ban taɓa yin sauri haka ba.

Ya zaunar da mu a gindin katangar gonarsa, ya kawo gahawa, ya fasa mana rumman. Ya tambaye ni a lamba nawa na sauko. Na ce ba lamba. Ya ce bai ji ba. Na maimaita. Ya ɗaga kai ya dubi sama, sannan ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta ji da kunnenta. Ta zo, ta ji, ta kama hannun Hajiya Kande tana yi mata jaje kamar ni ne ciwon.

Da birkin ya huce ya dawo, tsohon ya ce, "A nan inji ke riƙe mota, ba ƙafa ba. Sa ta a ɗaya, ɗauke ƙafarka, bar ta ta yi ta kuka. Kukanta ba ya kashe kowa." Ya fito da tsohuwar motarsa ya shiga gabana, yana tafiya kamar mai rakiyar amarya, ni ina biye. Hajiya Kande a motarsa ta ƙarasa, ita da matarsa a baya. Ko kallona ba ta yi ba.

Hanan tana bakin ƙofa da bargo a kafaɗa. Ta rame. Ta tsaya irin tsayuwarki, hannu ɗaya a ƙugu, kai a karkace. Idrisu ya durƙusa yana gaishe ni yana kallon takalmina. Muka sauke tukunyar. Ta lotsa a gefe guda, babu murfi. Hanan ta zo ta ɗora tafin hannunta a kan lotsawar, ta daɗe a haka. Ba ta tambayi me ya faru ba.

Da safe aka ɗora ruwa. Wata maƙwabciya ta ba mu babban farantin da suke cin shinkafa muka rufe da shi. Nan da nan ruwa ya hau tafasa yana tsalle. Hajiya Kande ta sauke, ta ɗan jira, ta tsoma gwiwar hannu, ta yamutsa fuska. Ta ce, "Ruwan garin nan maƙaryaci ne. Ga tafasa, babu zafi." Idrisu ya yi ƙarfin hali ya ce haka yake a kan dutse, saboda tsawo, ko wake sai ya wuni bai nuna ba. Ta ce ita ba ta tambaye shi ba. Likita ta riga ta ce a rage kanwa a kunu, kada kuma ruwan ya yi zafin ƙuna. Hajiya Kande ta yi ta mita, ni kuwa na goyi bayan likita. Karo na farko ke nan a rayuwata da aka gan ni a layin masu ilimi.

Ina zaune a waje na ji ƙarar ganye a jikin mutum, fyaɗ, fyaɗ. Na ji Hanan ta ce, "Ya Ummi!" Sai dariya. Sai dariyar ta koma wani abu daban, na ji muryar Hajiya Kande ƙasa-ƙasa tana rarrashi. Na tashi na tafi duba tayoyin mota. Lafiyarsu ƙalau, amma na daɗe ina dubawa.

Cikin kwana biyar fuskar yarinyar ta dawo. Tana shan kunu kofi biyu, tana cin gasasshen nama da yaji, tana faɗa da Hajiya Kande da Larabci ita tana rama mata da Hausa. Ni kuma kullum ina ƙirga kwanakin a raina, don bakwai tana matsowa.

Ranar suna aka raɗa wa yaro Abdulƙadir, sunan mahaifin Idrisu. Ni da na hau dutse aka ba ni riƙon ƙafar rago. Ba komai. Tsohon mai rumman ya zo da matarsa, ya ba duk wanda ya zauna kusa da shi labarin baƙon da ya sauko ba lamba.

Da la'asar, bayan an watse, na sami Hajiya Kande tana tankaɗen gero. Alkawari alkawari ne. Na ce ta shirya kayanta, gobe da safe mu sauka. Hanan tana daga ɗaki, na ga labule ya motsa.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Mu sauka da wa? Da kai? Sani, ni ba zan sake shiga makarar nan taka ba sai tsorona ya huce. Tsoro irin wannan kuwa ba ya hucewa ƙasa da kwana arba'in." Idrisu, Allah Ya shirye shi, ya ce ai zai iya samo mata wani direban ɗan gari. Ta ɗago ta yi masa kallo ɗaya. Ya tuna yana da wata ƙofa da bai gama waldarta ba.

A gabana ta kira ɗanta a Ruwais ta ce masa na kusa kashe ta, jininta ya hau, ba ta iya hanya. Daga nan labarin ya shigo Nuzla.

To ni na san ƙarya take, Hajiya. Kwana biyu kafin suna na ji ta a bayan ɗaki tana waya, tana miƙa masu cikinta uku ga wata ungozoma, tana cewa a ba maƙwabciyarta kaskon funkaso. Matar nan tun ranar da ta ga Hanan a bakin ƙofa ta gama shawara. Amma kin san ƙawarki, gara ta mutu da a ce ta yi tausayi. Tana bukatar wanda za ta ɗora wa, ga ni a kusa, ga mota a goge. Na karɓa. In sunana ne kuɗin kwana talatin da ukun nan, a ɗauka, dama ba wani suna ne mai tsada ba.

Na sauko ni kaɗai, a lamba ɗaya da biyu, mota tana kuka ina ba ta haƙuri. Duk wanda ya biyo ni a baya ranar ya koyi haƙuri shi ma. Na iso Jidda lafiya, ba madubi, gefe guda a kankare.

Yanzu ga inda ake. Geron ya kusa ƙarewa. Ganyen darbejiya ya bushe, kuma ba ta fitowa a can, sanyi ya hana ta. Hajiya Kande ta aiko a gaya wa "wancan mutumin" ya kawo ganye ɗanye da tsamiya da daddawa, in ba haka ba ita ba ruwanta. 'Ya'yanki kuma sun ɓoye min makulli. Khalid ya zauna a gabana ya ce, "Abuya, halas, ya isa. Ka huta. Ka yi naka." A teburin shayi an yanke hukunci tsufa ya kama ni. Har limamin unguwa ya ja ni gefe ya yi min nasiha a kan jefa kai cikin halaka.

Na san yaran tsoro suke ji. Sun binne uwa, ba sa son su je tsintar uba a rami. Ban ƙi su ba. Amma ki shaida, tunda ke ce ba kya katse ni yanzu: ba zan ajiye ba.

Na yi kuskure, na faɗa da bakina a gaban duniya. Kuskuren ba na ido ba ne, ba na tsufa ba ne, na jahilci ne, shi kuwa jahilci ana wanke shi, an kuma wanke min a gindin katangar rumman. Wanda bai taɓa barin Nuzla ba shi ne bai taɓa sakin mota firi a kan dutse ba, sai ya zauna yana kurɓar shayi yana ba da fatawa. Na canza birki gaba da baya. Na sa sabon madubi. Kullum da hantsi, kafin a ɓoye makullin, ina zuwa gadar sama in sauko a lamba ɗaya don hannuna ya manta Maigida Ila. Jidda gaba ɗaya tana danna min oda. Wani mai tasi ya leƙo ya tambaye ni ko gawa na ɗauko. Na ce masa darasi nake, ya wuce.

Makulli kuwa, akwai na biyu a cikin gwangwanin allurarki, inda ba wanda ya taɓa tun da kika tafi. Khalid, na san kana karantawa, kada ka wahalar da kanka, na riga na canza masa wuri. In Usama ya sami hutu, bismillah, ga kujera a gefena, ya riƙe min ledar goro.

Ba taurin kai ba ne kawai, ko da yake akwai shi, ke kin fi kowa sani. Ki duba, Hauwa. Ban iya wanka ba. Ban iya kunu ba. Ban san abin da ake gaya wa yarinya in nono ya ƙi zuwa ba, ko in ta zauna tana kuka ba dalili. Duk wannan naki ne, kin tafi da shi, sai abin da Hajiya Kande ta ranta mana. Cikin aikinki gaba ɗaya abu ɗaya ne ya faɗo hannuna, hanya. Ita kaɗai na iya. In na miƙa ta ga motar safara, me ya rage da zan ce na yi wa 'yarki? Shekaranjiya ta kira ni, ba ta ce in zo ba, kin san ba za ta ce ba. Cewa ta yi, "Abuya, in za ka taho, lamba ɗaya." Kin ji yarinya. Ba ta ce kada in taho ba.

Alhamis bayan asuba zan tashi, in Allah Ya kai mu. Na riga na yi magana da ladan, wannan karon shi zai riƙe min tsani in saro ganyen.

In arba'in ta cika zan sake hawa in sauko da su gaba ɗaya, mai jego da jariri da tsohuwar da ke tsorona. Zan kawo miki yaron. Kin yi sabon miji, Hajiya, kuma ya fi ni gashi. Kaburburan garin nan ba a rubuta musu suna, amma ni na san naki, taku goma sha tara daga katangar gabas, sai a juya dama. Zan tsaya da shi a kafaɗa in yi miki sallama, in ce masa ga matarka nan, ni riƙo kawai na yi maka.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ruwan da aka ɗora a tukunyar nan ya zama sanyi a gare ki. Allah Ya raya Abdulƙadir, Ya ba Hanan lafiyar shayarwa, Ya saka wa Hajiya Kande da alheri ba tare da ta sani ba, don in ta sani za ta musa. Ya saka wa tsohon da ya riƙe min hannu. Ya sanyaya zuciyar Khalid da Usama. Ni kuma Ya kai ni Ya dawo da ni, in kwanana ya ƙare Ya sa a kusa da ke ne, ba a rami ba.

Ki huta lafiya.

Mijinki na farko,
Sani, Abu Khalid
Nuzla, Jidda